“Turanci Ne Ya Riƙe Ni”: Abin da Jarrabawa Ke Nema da Abin da Aji Ke Bayarwa

A ranar Laraba 28 ga Mayun 2025, an yi magariba, an yi isha, amma yara 'yan ajin ƙarshe na sakandare a jihohi da dama na Najeriya suna zaune a kan benci suna jiran takardar Turanci ta WAEC. Kafin takardar ta iso duhu ya riga ya rufa. Wasu da fitilar waya suka rubuta, wasu da tocila, wasu da kyandir, iyaye kuwa sun yi cirko-cirko a ƙofar makarantu. Daga baya hukumar WAEC ta ba da haƙuri, ta ce ƙoƙarin toshe ɓarakar satar tambayoyi ne ya jawo jinkirin.

Da watan Agusta ya kama aka fitar da sakamako. Cikin ɗalibai 1,969,313 da suka zauna, kashi 38.32 cikin 100 ne kawai aka ce sun samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, alhali a 2024 kashi 72.12 ne. Ƙasa ta ɗauki ɗumi. Bayan 'yan kwanaki shugaban ofishin hukumar na Najeriya, Dokta Amos Dangut, ya fito ya amsa cewa an yi kuskure wajen makin takardar zaɓen amsa ta Turanci. Da aka gyara, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. Wato yara kusan dubu 485 ne suka kwana a matsayin waɗanda suka faɗi, suka wayi gari sun ci, duk a kan takarda guda.

Wannan ya isa ya nuna nauyin darasin. Babu jami'ar da za ta ɗauki yaro ba tare da kiredit a Ingilishi ba, ko da Hausa ko Larabci zai karanta. Ko a 2025 da gwamnatin tarayya ta sassauta sharaɗin Lissafi ga masu neman fannin fasaha, Turanci yana nan daram a kan kowa. Shi ya sa a kowace unguwa za ka tarar da saurayi ko budurwa da ke zaune a gida shekara biyu, uku, da kiredit bakwai a hannu. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: “Turanci ne ya riƙe ni.”

Mene ne a cikin takardar?

Iyaye da yawa suna biyan kuɗin wannan jarrabawa ba tare da sun taɓa sanin abin da ke cikinta ba, don haka bari mu buɗe ta.

Turancin WAEC kashi uku ne. Akwai takardar zaɓen amsa mai tambayoyi 80 cikin awa ɗaya, maki 40. Ita ce ke auna nahawu da yawan kalmomin da yaro ya sani: kalma da kishiyarta, kalma da takwararta, cike gurbi, salon maganar Turawa, da kalmomin sana'o'i irin na kotu, asibiti, banki ko noma. Akwai takardar furuci mai tambayoyi 60 cikin minti 45, maki 30. Sai kuma uwa uba, takardar rubutu ta awa biyu mai maki 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. NECO, wadda aka kafa a 1999 take da hedikwata a Minna, kusan sahun WAEC ta bi. JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ta bambanta: tambayoyinta na Turanci 60 ne cikin 180, duk zaɓe ne a kwamfuta, babu inda yaro zai rubuta jimla ko ɗaya.

A lura da lissafin. Cikin maki 170, maki 100 suna wurin da babu A, B, C ko D, wurin da ba a canki-canka, sai abin da yaro ya iya fitarwa daga kansa ya zuba a farar takarda. Amma shiga ajin ƙarshe na yawancin makarantunmu a zango na biyu ka ga abin da ake yi. Littafin tsofaffin tambayoyi ne a buɗe, malami yana karantawa, yara suna amsawa baki ɗaya, “C!” An fi ba da ƙarfi inda maki ya fi ƙaranci, domin nan ne ya fi sauƙin koyarwa, ya fi sauƙin dubawa. A ganina wannan ce babbar matsalar, ta fi ma satar amsa da ake ta kuka da ita.

Jan biro a kan insha'i

Ana ba ɗalibi tambayoyi biyar ya zaɓi ɗaya: wasiƙa zuwa ga hukuma, wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa ko aboki, maƙala don jarida, jawabi ko muhawara, ko labari da zai fito da ma'anar wani karin magana. Kalmomi kimanin 450 ake nema, cikin minti 50.

Mai makin yana raba maki 50 ɗin gida huɗu. Goma na abin da aka faɗa, wato ko yaro ya amsa tambayar da aka yi masa. Goma na tsari: adireshi, gaisuwa, sakin layi, yadda magana ke bin magana. Ashirin na iya sarrafa harshe. Goman ƙarshe na tsabtar rubutu ne, kuma nan ne ake zubar da jini. Duk kuskure ɗaya na nahawu, ko na harafin kalma, ko aya da waƙafi, ko ƙaramin baƙi inda babba ya kamata, ana zagaye shi da jan biro a cire rabin maki. Kuskure ashirin, goman nan ta tafi kaf. Yaron da bai saba rubutu ba yakan cika ashirin ɗin tun bai gama shafin farko ba. Wanda kuma ya yi dabarar rubuta ɗan kaɗan don ya rage kuskure bai tsira ba, domin gajeren insha'i ana rage masa makin da zai iya samu tun daga tushe.

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare, wato haddar buɗe wasiƙa. Yaro ya haddace dogon layi na gaisuwa da manyan kalmomi, ya zuba shi a farko, sannan a sakin layi na biyu Turancinsa na gaskiya ya bayyana. Masu makin sun ga irin wannan dubbai. Rahotannin manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa bayan kowace shekara suna ta nanata ƙorafi iri ɗaya: yara ba sa karatu, ba su san alamomin rubutu ba, suna shigo da gajerce-gajercen saƙon waya cikin insha'i, suna kuma fassara harshen gida kalma da kalma. Rahotannin nan a buɗe suke, amma malamai nawa ne aka taɓa zaunar da su aka karanta musu?

Taƙaitawa ta fi cin yara a ɓoye. Za a ba da nassi mai tsawo a ce a fito da muhimman batutuwansa cikin jimloli shida, misali. Wanda bai gane nassin ba sai ya kwafo layi sukutum ya ajiye, kuma kwafe irin wannan ba ya samun komai. Maki 30 ne a nan, daidai da takardar furuci gaba ɗayanta, amma akwai yaran da sai a zauren jarrabawa suke fara gwada taƙaita wani abu a rayuwarsu. Abin takaicin shi ne yaron nan da kansa, in ya kalli fim na awa biyu, zai ba abokinsa labarinsa tsaf cikin minti uku da Hausa. Basirar tana nan. Ba a taɓa ɗora ta a kan Turanci ba ne.

Hausar da ke kwance a ƙarƙashi

Duk wanda ya taɓa duba rubutun ɗalibanmu ya san cewa kurakuransu ba na sakarci ba ne, suna da tsari, kuma tsarin na Hausa ne. Bahaushe da kalma ɗaya yake jin magana, ya ji wari, ya ji sanyi, ya ji daɗi. Ingilishi ya ware wa kowanne aikatau nasa, don haka yaro ya rubuta “I hear smell” yana da gaskiyarsa a zuci, jan biro kuwa ya hau. “Ara mini” da “na ara” tushensu ɗaya a wurinmu, shi ya sa “borrow me your pen” ta ƙi mutuwa. Mai fita daga ɗaki yana cewa “ina zuwa”, sai ta koma “I am coming” alhali tafiya yake yi. A Hausa kowane suna namiji ne ko mace: mota ta lalace, gari ya waye. Yaro ya zo Ingilishi ya tarar da “it”, wani wakilin suna da ba namiji ba ba mace ba. Ga 'yan ƙananan kalmomin nan “a” da “the” da ba su zauna daidai da komai namu ba. Ga “in”, “on” da “at”, waɗanda sau da yawa “a” guda ɗaya ke ɗauke mana nauyinsu.

Malamin da ya san Hausa ya kuma san Ingilishi zai iya hango waɗannan ramuka tun yaro bai faɗa ba. Zai iya cewa, ga yadda muke faɗa, ga yadda su suke faɗa, ga inda hanya ta rabu. Abin da aka fi yi shi ne akasin haka: a hana Hausa a aji, a ci tarar wanda ya yi ta, a kira ta “banakula” kamar wata cuta. Sai yaro ya yi shiru. Shiru kuwa bai taɓa koya wa kowa harshe ba.

Salon magana ya fi ban tausayi. Tambaya za ta zo a kan mutumin da ya kai kwal Newcastle, a ce yaro ya zaɓi ma'ana. Yaron Ɗambatta ko Gumel bai san Newcastle gari ne da ya yi suna da kwal a Ingila ba. Da an ce masa kamar mutum ne ya ɗauki gishiri ya kai Bilma, ko ya kai kifi Baga, da ya gane nan take, kuma ba zai manta ba har abada. Mu ma haka harshenmu yake. Baƙon da ya ji an ce wance tana da farin jini, ko wane ya riga mu gidan gaskiya, ba zai gane ba ko ya san kowace kalma a ciki. Ba a koyon irin wannan magana daga jeri a bayan littafi. Ana tsintarta ne a cikin labari, a bakin mai magana, a inda ta dace. Yaron da ya karanta littattafan hira goma ya fi wanda ya haddace salon magana ɗari uku, domin na farko ya ga maganar tana aiki, na biyu kuwa gawarta ya gani.

Akwai kuma tambayar wane Ingilishi ake aunawa. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da “okada”, “Kannywood” da “next tomorrow”, wato jibi. Wannan abin alfahari ne, amma kada ya ruɗi ɗalibi. Mai makin WAEC daidaitaccen Ingilishi yake nema, kuma dole yaro ya san bambancin Turancin tasha da na takarda, kamar yadda ya san bambancin Hausar da yake yi da abokai a dandali da wadda yake yi a gaban mahaifinsa.

Furuci ba da baki ba

Takardar furuci tana da wani abin mamaki: ana auna yadda yaro ke furta Ingilishi ba tare da ya buɗe baki ba, ba tare da ya ji muryar kowa ba. A Ghana, Gambiya da Saliyo ɗalibai suna sauraron murya ne su amsa. A Najeriya da Laberiya a takarda ake yi. Za a ja layi a ƙarƙashin harafi a ce nemo kalmar da ke da sauti irinsa, ko a ce wace gaɓa ce ake dannawa.

Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, da 'yan tagwaye. Ingilishin da ake koyarwa a makaranta yana da sautin wasali 20 da na baƙi 24. Ba mu da bambancin “p” da “f”, ba mu da “v”, ba mu da “th”, kuma harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma ba wasali a tsakani. Kalmar “firamare” kaɗai ta isa shaida: mun mai da “p” ta zama “f”, mun cusa wasali don ta zauna a baki. Mu da karin sauti muke rarrabe ma'ana, su kuwa da danna gaɓa. Duk wannan ana iya koyonsa, amma da kunne da harshe. Abin da ake yi yanzu shi ne yara su haddace alamomin sauti kamar hatimi, su ci maki, su fito ba su iya faɗin kalmar ba.

Ba haka aka faro ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ta yi suna ne a kan koyar da magana da Ingilishi, ana sa ɗalibi ya tashi ya faɗa, a gyara masa, ya sake. Daga nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya. Gaskiya ne ɗaliban wancan zamani 'yan kaɗan ne, zaɓaɓɓu, ba za a kwatanta su da miliyoyin yau ba. Amma sun isa hujja cewa bakin Bahaushe ba shi da wata naƙasa game da Ingilishi.

Laifin wa?

Da sauƙi a ɗora wa malami, amma a yi masa lissafi tukuna. A ce yana da aji biyar, kowanne da yara 100, abin da ba baƙo ba ne a makarantun gwamnati na manyan garuruwanmu, ko da yake tsarin ilimi na ƙasa yara 40 ya tanada. In ya ba da insha'i ɗaya, takardu 500 ke nan. In kowace ta ci minti biyar, ya haura awa 41 yana makin, mako guda cur na aiki, ban da shiga aji. Wannan malami ba zai ba da insha'i ba sai sau ɗaya a zango, in ma ya bayar. Yaro kuma zai shiga zauren WAEC bai rubuta cikakken shafi goma da aka duba masa ba cikin shekara uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da muke sa yaranmu yi ke nan.

Ɓarnar kuma tun daga ƙasa take. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta jayayya a kan yadda aka yi gwajin da korar da ta biyo baya, amma babu wanda ya musa cewa akwai ciwo. Yaron da ya bar firamare bai iya karatu da kowane harshe ba, malamin sakandare ba zai fara masa da taƙaitawa ba.

Manufar harshe ma ta ƙi zama wuri ɗaya. Tsarin ilimi na 1977 ya ce a fara da harshen gida, Ingilishi ya karɓa daga baya. A 2022, zamanin ministan ilimi Adamu Adamu, aka ce harshen gida ya riƙe shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, yana danganta yawan faɗuwa a jarrabawa da koyarwa da harshen gida. Ni ban gamsu da wannan hujja ba. Manufar 2022 ba ta samu littattafai da horarrun malamai da za a ce an gwada ta ba, kuma yaran da suka zana WAEC a 2025 sun bar firamare tun kafin a kafa ta. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Ingilishi yana matsayin darasi a hannun ƙwararru, ya nuna yaran ba su koma baya a Ingilishi ba. Abin da ke faruwa a ajinmu daban ne: a rubuta Turanci a allo, a yi bayani da Hausa, yaro ya kwafa, ya tashi bai rubuta tunaninsa da ko ɗaya daga cikin harsunan biyu ba.

A wannan giɓi ne cibiyoyin “ci dole” suke kiwo, inda ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo. Yaro ya fito da B3, ya shiga jami'a, a ce ya rubuta takardar neman ɗakin kwana ya kasa. Komawa kwamfuta da WAEC ta fara gwadawa a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu zai iya rage sata, amma ba zai sa alƙalami a hannun yaron da ba a koya wa rubutu ba.

Abin da zai sa alƙalamin a hannunsa ba ya bukatar jiran Abuja. Malami mai yara 500 ba zai iya duba insha'i 500 ba, amma zai iya sa kowa ya rubuta sakin layi ɗaya kowane mako, yara su yi musayar littafi, ya ɗauki goma ya gyara a allo kowa yana gani. Shugaban makaranta zai iya ware darasi ɗaya a mako na karatun labari zalla, ko da akwati guda ne na tsofaffin littattafai. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke gina ƙofar makaranta da fenti za su iya ɗaukar nauyin mai taya malamin Turanci makin. Jihohin da ke kashe miliyoyi wajen biya wa ɗalibai kuɗin NECO da WAEC, su ware wani abu daga ciki don ƙarin malaman Ingilishi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, inda gyara ke da sauƙi.

Kai kuma uba, ke kuma uwa, ko ba ku jin Turanci kuna iya wannan: yau da daddare ku ce yaronku ya kawo littafinsa na Ingilishi, ku buɗe, ku ƙirga shafi nawa ya rubuta da kansa a zangon nan, nawa ne kuma jan biron malami ya taɓa. In ba ku ga ko ɗaya ba, gobe ku je makarantar ku tambaya.